Shinkafa da Shinkafar

A makarantun sakandare na Jamhuriyar Benin, idan yaro ya kai aji na uku akan ƙara masa wani harshe a kan Faransanci da Ingilishi, ko Jamusanci ko Sifaniyanci. Ni Sifaniyanci nake koyarwa a nan Malanville, kuma duk shekara darasin abinci ne ke cinye wa yarana maki a jarrabawa, saboda 'yan kalmomin nan biyu, el da la.

Sunayen lokutan cin abinci ba su da wuya, domin kowanne tafe yake da nasa: el desayuno karin kumallo, la comida ko el almuerzo abincin rana, la cena kalacin dare. A kan ce la cena es a las nueve, wato ƙarfe tara ake kalaci. Yara kan yi dariya, su ce mutanen Sifaniya sai bayan lisha suke ci. Idan de ta gabaci el sai su haɗe, a ce después del desayuno.

Rigima tana wajen abincin kansa. Yaro ya saba da je mange du riz tun firamare, sai ya rubuta como del arroz, alhali kuwa como arroz ake cewa, tsurarsa. To, a nan nakan ajiye Faransanci in ɗauko Hausa, wadda 'ya'yan Dendawa ma da yawa suke ji albarkacin kasuwa. Uwa takan ce, "Ka ci shinkafa?" Wata rana kuma ta ce, "Ka ci shinkafar?" Kowane yaro ya san ta biyun ita ce wadda aka rufe masa a kwano. Ta farko arroz, ta biyu el arroz. Abin da littafi ke ɓata shafi biyu a kansa, ashe yana bakinsu tun daga gida.

Wasu abokan aikina ba sa son jin harshen gida a aji. Ni dai na ga amfaninsa a takardun da nake gyarawa. Sai dai Hausa ba ta raka mu ko'ina. Mu "ina son shinkafa" muke cewa, su kuwa me gusta el arroz, kamar yadda Bafaranshe ke cewa j'aime le riz. Ga kuma ruwa, agua, kalma ce ta mace, amma el agua ake faɗa, sannan a ce el agua fría. Wannan kam nakan ce su haddace kawai.