Zuwa ga aminina, kan sakin layin nan da ya ɓace



Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya kuma jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyin hunturu da ke sa yatsu su ƙage da asuba, sai na riƙe kofin shayi kafin su yarda su taɓa kwamfuta.

To, ka tuna ranar da na zo maka rai a ɓace, sakin layi guda ya salwanta mini? Na danna Ctrl+Z sau biyar don in ga yadda na faro jimlar, sai yatsana ya taɓa harafi ɗaya, shi ke nan, hanyar dawowa ta toshe. Ashe haka yawancin manhajojin rubutu suke, tarihin gyaranka igiya ɗaya ce, in ka ja da baya ka rubuta sabon abu, sai a datse na gaba a yar.

To, na samo magani a wata tsohuwar manhaja, Vim, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Uwarta, vi ta Bill Joy, taku ɗaya take komawa in ka danna harafin u, ka sake danna shi ta maido abin da ta cire. Shi kuwa Bram, a 2006 sai ya mai da tarihin tamkar bishiya, duk inda ka sauya hanya reshe ne ya tsiro, tsohon kuma yana nan daram. Ka rubuta :earlier 10m, takarda ta koma yadda take minti goma baya. A 2010 kuma aka ƙara undofile, wato ka adana aikinka, ka kashe kwamfuta, gobe ka tarar da tarihin yana jiranka. Bram ya rasu a 2023, kuma shekara da shekaru duk wanda ya buɗe Vim yakan ga roƙonsa na a taimaki yara mabuƙata a Yuganda. Abin ya taɓa mini zuciya.

Yanzu ina goge jimla hankali kwance, ina gwada wata, don na san ta farkon ba ta tafi ko'ina ba. Kai da kake kwana kana sauya kalma ɗaya, ka zo da kwamfutarka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in saita maka muna shan fura.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka har kullum.