Zaɓen Ƴan Balo: Maki Nawa Haruna Dula Ya Cancanta?

A birnin Yamai akwai takarda iri biyu da ba su kwana sai an yi musu shari'a: takardar sunayen sabbin ministoci, da takardar sunayen ƴan balon da mai horar da Mena ya kira. Ta biyun ita ce zancenmu na yau. Da zarar an karanta sunayen a radiyo, kafin shayi na biyu ya tafasa a fada, an gama yanke hukunci: wane bai cancanta ba, wane ɗan gidan wane ne, wane kuwa an bar shi don ba shi da uwa a gindin murhu. Daga rumfunan Babbar Kasuwa har ofisoshin Filato kowa ya zama alƙali, alhali kuwa ko ɗaya daga cikin yaran bai sa ƙafa a fili ba tukuna.

Wannan hali ba mu kaɗai Allah ya ɗora wa ba. Amurkawa, da duk iliminsu na lissafi, sun fi mu zurfi a cikinsa. Suna da wani wasa da su ma suke kira balon ƙafa, ko da yake da hannu ake yin mafi yawansa, ƙwallon ya yi kama da gwanda, ƴan wasan kuma sanye da kwalkwali kamar dakarun lifidi. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, sukan zauna kwana uku su raba samarin da suka fito daga jami'o'i, abin da suke kira diraf, al'adar da suka fara tun 1936. Zagaye bakwai ake yi, a ɗauki yara fiye da 250. Ƙungiyar da ta zo kutal a bara ita ke fara zaɓa, wadda ta ci kofi kuwa sai ta jira a ƙarshen layi. Kafin ranar, an tara yaran a birnin Indiyanapolis an auna tsawonsu da nauyinsu da faɗin tafin hannunsu, an sa su tseren taku arba'in irin nasu, wato mita 36 da ɗoriya, an sa su ɗaga ƙarfe mai kilo 102 har su gaji. Ko dillalin raguna a kasuwar Turaku ana jibi Layya bai kai su duba haƙori da taɓa gadon baya ba.

Ni dai ina bin wannan biki ta talabijin da ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijar, lokacin da unguwa ta yi tsit. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke biyo baya da safe, domin kafin gari ya waye ƴan jaridar can sun raba wa kowace ƙungiya maki, kamar yadda mushe ke raba takardun jarrabawa a lise. Wannan ta yi zaɓen basira, waccan ta zubar da damarta. Sai ka rantse sun dawo ne daga shekara biyar nan gaba.

To, ga abin da littafin tarihinsu ya nuna. A 2012 ƙungiyar Seattle Seahawks ta ɗauki Bruce Irvin a lamba 15, Bobby Wagner a lamba 47, da Russell Wilson a lamba 75. Masana suka yi mata ca, har aka sami wanda ya ba ta makin faɗuwa mafi ƙasƙanci. Laifin Wilson, wai gajere ne, mita ɗaya da santi tamanin, ba zai iya hango abokan wasansa ta saman kawunan ƙattan da ke gabansa ba. A watan Fabrairu na 2014 waɗannan yara suka ɗauki kofin Super Bowl, bayan sun lallasa Denver da ci 43 da 8. Tom Brady, wanda ya ci wannan kofi har sau bakwai, a lamba 199 aka ɗauke shi a shekarar 2000, bayan an fifita masu jefa ƙwallo shida a kansa. Shi kuwa JaMarcus Russell, da Oakland Raiders ta ɗauka a lamba ta ɗaya a 2007 ta lamunce masa kusan dala miliyan 30 (dalar Amurka nake nufi, Alhaji, ba dalarmu ta sefa biyar ba), a 2010 aka sallame shi.

Amma fa Amurkawa suna da wata ɗabi'a da ke wanke su. Bayan shekara uku ko huɗu sukan koma su buɗe tsohon littafi, su jera abin da aka faɗa ranar zaɓe kusa da abin da ya auku a fili, su sake ba da maki. Mu a nan, hukuncin fada yakan bi iska tare da hayaƙin gawayi, ba mai komawa kansa. Shi ya sa nake so mu buɗe namu littafin yau, a kan zaɓen da ya fi kowane muhimmanci a tarihin balon ƙasar nan, wato yaran da Haruna Dula ya tara tsakanin 2010 da 2012.

Ku tuna inda muke a lokacin. Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba. Ƙuri'a ta haɗa mu da Afirka ta Kudu, wadda ba ta daɗe da karɓar baƙuncin kofin duniya ba, da Saliyo, da kuma Masar, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Dula ba shi da rumbun ƴan wasa a Turai kamar takwarorinsa na Mali ko Senegal. Abin da ke hannunsa shi ne yaran gasar gida, da waɗanda ke neman abinci a ƙungiyoyin wasu ƙasashen Afirka, irin su mai tsaron raga Kasali Dauda, sai kuma tauraro guda, Musa Ma'azu. Ita gasar gidan kuwa kun san yadda take: ƙungiyoyin masu kaki da na manyan kamfanonin gwamnati, soja da garda da duwan da ƴan sanda da jandarma, su ke fara tsince yaro mai kyau, domin su ke iya yi masa alkawarin abin da zai ci gobe. A Amurka mai rauni ke fara zaɓa, a nan mai ƙarfi ne. Yaron da ke Gaya ko Mayahi ko Gure, in bai taka Yamai ba, da wuya idon mai horarwa ya kai kansa.

Da waɗannan yara Mena ta doke Masar da ci ɗaya da nema a filin Janar Seyni Kunce, a watan Oktoba na 2010, Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. Ina cikin waɗanda suka rasa muryarsu a wannan yammaci. Sai Saliyo ta sha 3 da 1, Afirka ta Kudu ta sha 2 da 1, duk a Yamai. A ranar ƙarshe, Oktoba 2011, ƴan Afirka ta Kudu suka tashi canjaras da Saliyo suka shiga rawa a fili suna zaton sun wuce, ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku ke da maki tara-tara, doka kuwa ta ce a duba wasannin da suka yi a tsakaninsu, a nan Nijar ce a gaba. A watan Disamba hukumar balon Afirka ta naɗa Haruna Dula gwarzon mai horarwa na shekarar 2011.

Wata ɗaya bayan wannan girmamawa, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon ta ci mu 2 da nema a Libarbil, a wasanmu na farko. Nan take fada ta juya. Waɗanda jiya suke cewa Dula yana da idon mikiya, yau suka ce bai iya zaɓe ba, aikin ya fi ƙarfin ɗan gida. Aka mayar da shi gefe, ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda da ma aka kawo a matsayin mai ba da shawara.

A nan nake so mu tsaya, domin ɗan kasuwar da ya san aikinsa ba ya duba shafin riba ya rufe littafi, sai ya duba na asara. Wasa shida Mena ta yi a neman zuwa Gabon. Uku na gida ta cinye su duka. Uku na waje kuwa ta faɗi duka: 2 da nema a Afirka ta Kudu, 1 da nema a Saliyo, 3 da nema a Masar. Ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa ba a bayan iyakar Nijar. Wato ƙungiyar da Dula ya gina ta filin Kunce ce: yaran da suka saba da ranar Yamai, masu juriya, masu toshe baya su jira baƙo ya fara lallaɓar gorar ruwa, sa'an nan su sakar masa Ma'azu da gudunsa. Wannan shi ne abin da aka nema daga gare shi, a kai Nijar gasar, kuma zaɓensa ya biya buƙata. Duk wanda ya karanta waɗannan alƙaluma tun kafin jirgi ya tashi ya san cewa karawa da mai masaukin baƙi a gidansa, gaban jama'arsa, da Aubameyang a gaba, ba ta da sauƙi. Cin da aka yi mana a Libarbil bai bayyana wani sabon aibi a zaɓen Dula ba. Aibin yana rubuce a littafi tun 2010, murna ce ta hana a karanta.

Me canjin hannun ya kawo? Tunisiya ta ci mu 2 da 1 a mintin ƙarshe, a wasan da Mena ta taka rawar gani, William N'Gounou ya jefa mana ƙwallo. Maroko ta ci mu 1 da nema. Shekara ta zagayo, Gernot Rohr ya sake kai mu gasar 2013 bayan an fitar da Gine, wannan kuma abin yabo ne, ba mai ƙwace masa. Can muka sami maki ɗaya tal, canjaras da Kwango ta Kinshasa, tsakanin kayen Mali da na Gana. Wasa shida a gasa biyu, ƙwallo ɗaya. Ashe ba a hannun mai tuƙa tuwon matsalar take ba, hatsin ke nan da ke cikin rumbu.

Kada kuma a zaci masu kuɗin Turai sun fi ƴan fada iya hangen gobe. Shi kansa Ma'azu misali ne. Daga ƙungiyar soja ta AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljik a 2008, ya yi ta zura ƙwallo, sai CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009 a kan kuɗin da jaridun Turai suka ƙiyasta kusan Yuro miliyan 5, fiye da miliyar 3 na sefa ke nan. Rashawan sun auna gudunsa, gudun kuwa gaskiya ne. Abin da ba su iya aunawa ba shi ne yadda saurayi ɗan shekara ashirin, haifaffen Yamai, zai zauna da sanyin Mosko da harshen da bai ji. Ba a daɗe ba suka fara ba da aronsa, Monako, Bordo, daga nan ya yi ta sauya sheƙa har Tunisiya da Fotugal da Sin. Ga CSKA cinikin bai yi riba ba. Ga Mena kuwa, yaron nan shi ne ya durƙusar da Fir'aunonin Masar. Mutum ɗaya ne, amma makinsa ya danganta ga wanda ya zaɓe shi da aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan sarai: na ɗaya a konkur ba lalle ne ya zama shi ke riƙe ofis bayan shekara goma ba.

In ana son a gwada idon mai zaɓe ba tare da wani ya ce tauraron Turai ne ya ɗauke shi a kafaɗa ba, to a duba gasar CHAN, wadda ba a yarda kowa ya buga ba sai mai wasa a gasar ƙasarsa. A 2011, a Sudan, Dula ya kai yaran gida zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Shekara goma sha biyu bayan haka, a farkon 2023 a Aljeriya, ga shi kuma a bakin fili da wasu yaran dabam. Suka yi canjaras da Kwango ta Barazabil, suka doke Kamaru 1 da nema, suka fitar da Gana 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan karon ba rana ta Yamai, ba jama'ar filin Kunce. Sa'a takan zo wa mutum sau ɗaya, amma tara yara daga gasa irin tamu har karo biyu, tsakanin zamani biyu, su fitar da ƙasa kunya, wannan ido ne.

Shafin asara ma yana nan, ba zan tsallake shi ba. Aljeriya ta zuba mana 5 da nema a Oran, Madagaskar kuma ta hana mu matsayi na uku da ci ɗaya. Tsohuwar cutar ce: ƙungiyar Dula ta iya tsare gida, amma ranar da aka riga ta jefa ƙwallo ba ta da wata dabara ta biyu a aljihu, kuma mai zaɓe yana da rabonsa a wannan, domin shi ya fifita masu toshewa a kan masu ƙirƙira.

Saboda haka, tun da Amurkawa sun koya mana raba maki, ni ma zan ba da nawa, a irin ma'aunin da muka saba da shi a lise. Zaɓen 2010 zuwa 2012, bisa abin da aka nema da abin da ke rumbu, 15 bisa 20. Zaɓen 2023 kuwa 14, na cire maki ɗaya saboda daren Oran.