Dodon da ke Ƙarƙashin Gidan Yaya

Daren farko da na kwana a gidan yayana a Miniyapolis, cikin jihar Minesota ta Amurka, wani gurnani ne ya tashe ni wajen ƙarfe uku. Daga ƙarƙashin daɓe yake tasowa a hankali, kamar an tsayar da tirela a ƙofar gida an bar injin yana aiki. Ina shawarar ko in tashi mutanen gida, sai na ji wata iska mai ɗumi tana lasar ƙafata. Da na laluba, na tarar da 'yar taga ta ƙarfe a jikin daɓen, dab da ƙafar gado, ta nan take hurowa. Can bayan kamar minti goma gurnanin ya ɗauke. Na yi 'yan addu'o'ina, na ja bargo. Cikin Disambar 2018 ke nan.

Da gari ya waye na ba da labari, Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Auta, taso in kai ka ka gaida mai gidan. Ni da kake gani yaronsa ne, kowane wata sai na kai masa gaisuwa."

Muka bi wata matakala muka gangara ƙarƙashin ƙasa. Da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da irin wannan ɗaki, kuma ba don ƙawa ba. Sanyinsu yana daskarar da ƙasa kanta, shi ya sa dokar gini ta ce harsashi ya nutse aƙalla inci 42, fiye da mita ɗaya, don ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa. Tunda an riga an haƙa, sai a ƙara kaɗan a sami ɗaki. A tsakiyarsa akwatin ƙarfe ne a tsaye, bai kai firji tsawo ba, bututan kwano sun fito daga kansa sun bazu cikin silin kamar rassan kuka. Su can fanes suke ce masa. Ni dai murhu na kira shi, don da na leƙa ta wata 'yar kafa, harsunan wuta na gani a jere, shuɗaye, suna ci ba hayaƙi ba toka.

Gas yake ci, kuma ba mai ɗaukar tukunya ya je sayowa, ta bututu yake zuwa a ƙarƙashin titi kamar ruwan famfo, mita tana ƙirgawa. Wutar tana gasa wani ƙarfe daga ciki, fanka kuma tana kora iskar gidan ta bayan ƙarfen, ta ɗebi zafi ba tare da ta haɗu da hayaƙi ba, ta bi bututan nan zuwa kowane ɗaki. Wadda ta huce ta dawo ta wata hanyar a sake gasa ta. Mai ba shi umarni yana sama a bangon falo, wani ɗan abu kamar agogo, tamostat. Shi ne linzami: ka saita lambar da kake so, ɗaki ya sauka ƙasa da ita ya ta da murhu, ya kai ta ya kashe. Kuma garin yana da hannu a tarihinsa. Wani haifaffen Suwizalan mai suna Albert Butz ya ƙera ɗaya daga cikin kakannin wannan na'ura a yankin a 1885, lokacin da murhun kwal ake yi, tana buɗe wa wuta ƙofar iska da kanta. Daga sana'arsa kamfanin Honeywell ya samo ɗaya daga cikin jijiyoyinsa.

Makonni biyu ina jin daɗina. Waje ƙanƙara, ni kuwa ina yawo a falo da singileti, in na ji ɗan sanyi in je in murɗa linzami ya kai 76 a ma'auninsu na Farenhait, wato wajen 24 a namu. Ba wanda ya ce mini uffan, baƙo ne. Sai farkon Janairu takardar kuɗin gas ta iso. Matar Yaya ta buɗe, ta yi salati, ta ajiye ta a kan tebur daidai inda nake karyawa. Ba ta ƙara ko kalma ba. Ni ma ban tambaya ba, na tashi na je na sa rigar sanyi.

A nan na fara gane bambancin wutarsu da tamu. Mu a gida, lokacin hunturu, in aka hura itace a tsakar gida ana jin ɗumi, kowa yana kallon yadda ƙirare ke ƙarewa, kuma in yaro ya cika tura itace akwai tsohuwar da za ta daka masa tsawa. Su wutarsu a ɓoye take. Ba ka ganin abin da ta ci sai bayan wata guda, a takarda. Saboda haka mutanen ƙasar suka koyi karanta alamu, kamar yadda manomi ke karanta hadari.

Yaya ya kira masu duba gida, irin waɗanda kamfanonin gas ke biyan wani kaso na ladansu. Wata mata ce ta zo da wani saurayi. Na zaci kai tsaye wajen murhu za su nufa, ashe ƙofar shiga suke so. Suka toshe ta da wani jan tanti mai ƙatuwar fanka a tsakiya, suka rufe tagogi duka, suka kunna. Fankar tana zuƙe iskar gidan tana fitarwa, don haka duk inda kafa take, iskar waje ta kutso ta nan. Matar ta ce in bi bango da bayan hannuna. Wallahi sai na ji gidan yana fito ta ko'ina: ƙasan ƙofar baya, gefen tagogi, ramin soket, inda bututun ruwa ya huda bango, har bakin murfin da ake hawa saman silin. Gidan da nake ɗauka a rufe yake ruf, ashe rariya ne, ruwa muke ta zubawa a ciki muna biya.

Ta fito da wata kyamara mai ganin zafi, ta nuna mini silin ɗin ɗakina. Wasu wurare ja, wasu shuɗi kamar an zuba baba. Ta yi bayani cewa iska mai ɗumi sama take yi, in ta sami kafa a silin ta fice, ficewarta kuma ita ke jawo mai sanyi ta ƙasa. Wato ƙafarka da ke daskarewa a falo, laifin yana can saman kanka. Daga nan ta ja mu waje ta ce mu dubi rufin. Tun zuwana nake ɗaukar hoton tsinkayen ƙanƙarar da ke reto a bakin rufinmu, wasu sun kai tsawon hannu, ina tura wa 'yan gida suna ta mamaki. Ta ce wannan kuɗinku ne yake reto. Zafin da ya tsere ta silin ke narkar da dusar ƙanƙarar da ke kan rufi, ruwan ya gangaro, ya iso baki inda ba zafi, ya sake daskarewa. Ta nuna gidan da ke kallonmu: rufinsa fari fat, dusar a kwance lafiya, ba tsinke ko ɗaya. Tun daga ranar na daina tura hoton.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadin Yaya shi ne filta. Wani faifai ne na kwali da ƙyalle, kaurinsa inci ɗaya, ana zura shi a gefen murhu ya tace ƙura kafin iska ta shiga fanka, kamar dai na mota. Saurayin ya zaro namu, ya fito baƙi ƙirin da gashi da ƙura, sai ka ce tsumman goge tukunya. Irin wannan siririn, ana so a duba shi duk wata, kada ya wuce wata uku ba a canza ba. In ya toshe, fanka ta yi ta nishi, iska ba ta wucewa sosai, ƙarfen ciki ya yi zafi fiye da kima har murhun ya kashe kansa, ya huce, ya sake tashi, ɗakunan nesa kuwa ba su ga komai ba. Aka tambayi Yaya yaushe ya canza. Ya dubi matarsa, ta dubi silin. Abin 'yan daloli ne. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka zama leburori. Muka liƙe mahaɗan bututan kwano da wani farin ƙullu kamar tuwo, don an ce a gida irin na kowa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu ta nan take zurarewa. Muka sa roba a bakin ƙofofi, muka janye kujerar da ta zauna a kan tagar iska ta falo shekara da shekaru. Tagogin kuma muka manna musu leda daga ciki da salatif, matar Yaya ta bi da na'urar busar da gashi, ledar ta ɗame har ba ka ganinta. Na yi dariya a raina: ka ƙetare teku zuwa Amurka ka tarar ana toshe taga da leda, kamar a ɗakin kakata cikin hunturu. Saman silin ne kawai ya fi ƙarfinmu, sai da aka kira masu mota da mesa suka feso wani abu kamar auduga, na tsofaffin jaridu da aka niƙa, ya yi tudu.

Rigima ta tashi a kan linzami. Hukumar makamashi ta ƙasar tana ba da shawarar 68 in ana gida a farke, wato 20 a namu, kuma ta ce wanda ya rage digiri 7 zuwa 10 na tsawon awa takwas a kullum zai iya rage har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shekara. Ni na kafe cewa wannan zancen banza ne, ai in gida ya huce da dare, wutar da za a ƙona a sake ɗumama shi da asuba za ta cinye ribar. 'Yar Yaya, mai shekara goma sha uku, ita ta kayar da ni. Ta ce, "Baffa, shayi mai tafasa da mai ɗumi-ɗumi, wanne ya fi saurin zubar da zafinsa?" Gwargwadon tazarar ciki da waje, gwargwadon gudun da zafi ke yi. Gidan da ya kwana a 60 ya yi asara kaɗan duk daren. Na ce Allah ya yi miki albarka, na nemi safa.

Sai ƙarshen Janairun 2019 ya zo da abin da ko 'yan ƙasa suka jinjina masa. Ranar 30 ga wata ma'auni ya sauka zuwa 28 ƙasa da sifiri a nasu, wajen 33 ƙasa da sifiri a namu. Aka rufe makarantu, gidan waya ya dakatar da rabon wasiƙu. Na watsa tafasasshen ruwa sama a bakin ƙofa, ya zama farin hazo, kusan ba abin da ya taɓa ƙasa. Gashin hancina ya daskare kafin in ƙirga goma. Murhu ya yini ya kwana bai huta ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin gas na jihar ya roƙi jama'a su sauke linzami zuwa 63 don kada bututu ya gaza kowa. A daren na fahimci dalilin da ya sa jihar ke da dokar sanyi, wadda ta hana a yanke wa mutum gas ko lantarkin ɗumama gida muddin ya yi yarjejeniyar biya kuma yana cikawa. Yanzu tana aiki daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. Gwamnatin tarayya ma tun 1981 take da shirin taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi biyan kuɗin. A can, yanke wa mutum wuta cikin Janairu ba zama cikin duhu ba ne kawai.

A ranakun ne maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai zaman kanta, ta bugo wa Yaya cewa murhunta ya mutu. Muka je da shebur. Nata sabon yayi ne, ba ya fitar da hayaƙi ta sama, wasu fararen bututan roba biyu ne suka leƙo ta gefen bango, kuma iska ta tara musu dusar ƙanƙara ta toshe bakinsu. Muka share, ya tashi. Na tsaya ina mamakin hayaƙin wuta a bututun roba. Yaya ya ce ai sirrin ke nan. Namu, cikin kowace dala ta gas, santi 80 ke zama ɗumi, 20 ta bi hayaƙi ta tafi. Tsofaffin da suka girme shi wasu ba sa wuce 60. Irin nata kuwa yana da ƙarfe na biyu da ke tatse hayaƙin har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa ya ɗiga ta wata 'yar mesa, abin da ya rage ya fita da ɗan ɗumi kawai. Irinsu na kaiwa 95 zuwa 98.

Na ce to Yaya me kake jira? Ya ce dubban daloli ne, kuma namu da sauransa. A ganina ya yi daidai. Wanda ya sa sabon murhu a gida mai kafofi, ya dai sami mai zuba ruwa da ƙwarewa ne, rariyar tana nan. In an toshe gida tukuna, ran da tsohon ya mutu ƙarami ma ya isa.

Abu ɗaya ne ba a jira da shi. Mai gyaran da ke zuwa duba murhu kowace kaka ya fi daɗewa yana haska ƙarfen ciki da tocila, yana neman tsaga. In ya tsage, kabon monoksaid na iya bin iskar ɗumi har gadon yara, ba wari ba launi. Dokar jihar ta ce a sa ƙararrawarsa cikin ƙafa goma daga kowane ɗakin kwana. Da Yaya ya faɗi haka, kaskon gawayi na tuna, wanda ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa cikin sanyi, da mutanen da ake tararwa da safe ba su tashi ba. Guba ɗaya ce. Kafin in taho na sayi ƙararrawa biyu masu batir na sa a jaka.

Takardar Fabrairu ba ta sauko yadda na yi fata ba, don watan ya fi na baya sanyi. Yaya ya nuna mini inda ake duba yawan gas ɗin da aka ƙona a gwada da tsananin sanyin watan, ya ce a nan ake ganin aikinmu. Matarsa ta ce ita dai abin da ta sani, ɗakin yara na sama ya daina zama firji.

Ana gobe zan tafi, cikin Maris, na sauka ƙasa ni kaɗai. Na zaro filta, na zura sabo, na duba kibiyar da ke jikinsa ta kalli wajen fanka kamar yadda saurayin nan ya koya mini. Na ɗauki biro na rubuta kwanan wata a bakin kwalin, na ƙara da "Auta ne ya canza." Ina kan matakala na ji ya ja numfashi, ya kama.