Ciwon Da Ke Biyo Bayan Ɗinki

Mu matan zango mun san ciwon nan da ake kira fitowar mahaifa, ko da yake ba ma ambatonsa sai a ƙuryar ɗaki. Yawan haihuwa da doguwar naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru su ne ke sassauta naman da ke riƙe da mahaifa da mafitsara, har su zazzago. An yi wa da yawa daga cikinmu aiki a asibiti, nauyin ya tafi, mun gode Allah. Amma wasunmu sun koma gida da wani abu da kunya ta hana su faɗi, wato zafi lokacin kwanciyar aure.

Wannan zafi yana da dalili a jiki. Wajen gyara, likita yakan rage naman da ya saki ya ɗinke, sai gaba ya ƙara ƙunci. In an cire mahaifa kuma, yana iya gajarta. Tabon ɗinki ba ya miƙewa kamar sauran nama. Wadda al'ada ta ɗauke mata kuwa, ga bushewa. Akwai ma wata raga ta roba da ake sakawa ta gaba don tallafe wurin, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayarwa a 2019 bayan ƙorafin mata.

Shirun da muke yi shi ke ɓata gida. Maigida ya ga ana gudunsa, ya ɗauka ƙiyayya ce, sai zancen kishiya ko saki ya taso. Ƙawaye kuma su kawo kayan matsi, alhali wurin da aka ɗinke ba matsi yake bukata ba, ƙara masa ciwo ake yi.

Likitoci kan ce a dakata kamar mako 6 bayan aiki. In zafi ya ci gaba, mu koma asibiti mu faɗa da bakinmu. Akwai man sulɓi, akwai man shafawa mai gyara bushewa, akwai motsa jikin da ke sassauta naman ƙugu, wani lokaci a sake gyara ɗinkin. Wadda ba a yi wa aiki ba tukuna, ta tambayi likita yadda aikin zai shafi aurenta, da ko zoben roba mai tallafe mahaifa zai wadatar.

Mazajenmu kuma, ku yi haƙuri, ku raka mu asibiti ku ji da kunnenku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.