Ni da Shaihu Umar

Mai karatu, yau sai na tona wa kaina asiri: duk surutun da nake yi kan finafinai, bana littafi ɗaya tak na karanta. Shi ma tsohon abokina ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun ina sakandare nake ɓoye shi cikin littafin lissafi. Duk sa'ad da na iso inda mahaifiyar Umar ta bazama nemansa har hamada, sai in ajiye, in leƙa ɗakin Inna. Na kalli fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976. Wallahi ya yi ƙoƙari, amma fuskar matar ba ta Inna ba ce.

Bara Inna ta rasu. Bana da na kai wannan shafin, na rasa ɗakin da zan leƙa.