Muryar Aro

A zangon farko na shekarar karatu, daidai lokacin da hunturu ya fara busawa, aka tura wani ɗalibin kwalejin ilimi koyarwar gwaji a wata makarantar firamare da ke Achilafiya, cikin Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure. Saurayi ne mai himma, kuma Allah ya hore masa kakkaurar murya wadda ake ji har ƙarshen aji. Ganin haka hedimasta ya ɗora masa nauyin koya wa 'yan aji shida waƙar da za su rera ranar rufe zango.

Tun ranar farko ya lura cewa yara suna ɗaukar waƙar can sama, tasa muryar kuwa tana ƙasa. Sai ya ɗauka wajibi ne jagora ya cim ma mabiyansa inda suke. Ya miƙa wuya, ya ɗaga haɓa, ya matse maƙoshi, yana fitar da siririyar murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa da yake saurare a waya. Bai tuna ba cewa irin wannan murya galibi mata ne ke rera ta, kuma sai kwamfuta ta gyara ta a situdiyo kafin ta iso kunne. Har wani yaro ɗan shekara 13 da muryarsa ke gargada ya sha faɗa a wurinsa, wai yana ɓata wa sauran waƙa.

A rana ta uku jikinsa ya fara ba shi labari. Da an yi rabin sa'a ana rerawa sai jiri ya ɗebe shi, kai ya shiga sarawa, jijiyoyin wuya su yi tsami, maƙogwaro ya yi zafi kamar an barbaɗa barkono. Ya zaci zazzaɓin cizon sauro ne, ya sayi magani a kemis ya ci gaba. Ranar da malamin kwaleji ya zo duba koyarwarsa, ya buɗe baki zai gai da aji, sai iska kawai ta fito. Malamin ya rufe fayil, ya ba shi mako biyu, ya kuma shaida masa cewa idan wannan dama ta wuce, sakamakon zangon nan ya tafi ke nan.

Da yamma ladanin unguwa, wani dattijo da yakan jiyo su ta bayan katangar makaranta, ya same shi zaune a ƙofar masauki ya yi tagumi.

"Malam, muryar wa kake arowa ne kullum da safe?"

Da kyar ya iya cewa, "Ta yara ce, Baba."

"To, ka mayar musu da abarsu. Ni tun kafin a kawo mana lasifika nake kiran salla, ban taɓa neman wuce inda Allah ya ajiye muryata ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

A daren ne ya tuna darasin furuci da ya haddace don jarrabawa, bai taɓa danganta shi da nasa maƙogwaron ba. Murya tana samuwa ne idan iskar huhu ta kaɗa tantanin maƙwallato ya yi ziza. A maganar yau da kullum, tantanin namiji baligi yakan kaɗa kimanin sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kimanin sau 210, na yaro kuwa sau 250 zuwa 300, domin na namiji ya fi tsawo da kauri. Ashe abin da ya yi ta nema daga tantaninsa shi ne ya ninka aikinsa, kamar mai gurmi da ke ta ɗaure tsirkiya har ta kai gaɓar tsinkewa. Tilastawar ce ke sa tantanin ya kumbura, murya ta dishe, in kuma aka daɗe ana yi, ƙananan ƙulluttai su tsiro a kansa. Jirin kuwa daga yunƙuri da yawan shaƙar iska a jere yake, domin suna rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Bushewar hunturu da ƙurar alli suka ƙara wa wutar itace.

Raunin tantani bai bar ƙwararru ba ma. A shekarar 2011 mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta saboda jini ya tsattsafo a tantaninta, har aka yi mata tiyata a birnin Boston na Amurka. A gida kuwa, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da muryar da aka san shi da ita. Tsarin waƙarsa ma akwai hutu a ciki: idan ya ba da waƙa, 'yan amshi suka karɓa, ya sami damar numfasawa.

Saurayin ya yi kwana biyar yana ƙaranta magana. Ya yawaita shan ruwa, ya bar kakari, ya kuma guji raɗa, domin ita ma takan gajiyar da maƙogwaro. Ma'aikacin lafiya da ya gani ya gargaɗe shi cewa dishewar da ta haura mako uku sai an kai ta gaban likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Da murya ta dawo, ya ɗauki waƙar nan a ƙasa, yara suka ɗauke ta a sama, sai ga karin ya haɗu daidai, har ya fi na da armashi. Ya raba ajin gida biyu, masu bayarwa da masu amshi. Yaron nan da ya sha faɗa kuwa, sai yanzu ya gane balaga ce ta zo masa, tantaninsa na ƙara tsawo, kuma da an ci gaba da tilasta shi da ciwon malaminsa ya same shi. Ya kira shi gaban aji ya ce, "Zo ka tsaya kusa da ni, ni da kai layinmu ɗaya."

Ranar da malamin kwaleji ya dawo, gaisuwar saurayin ta kai har bencin ƙarshe. Alli idan ya ƙare akan karɓo wani a ofis, amma muryar malami guda ce, da ita zai yi aiki har ranar ritaya.