Matambayi Ba Ya Ɓata: Kafin a Ɗauki Lauya

Bahaushe mutum ne mai kunya da kara. Idan ya shiga ofishin mai ilimi, ya tarar da shi cikin kwat, littattafai jere a bayansa, sai nauyin baki ya kama shi, ya zama ba abin da yake iya cewa sai "to, ranka ya daɗe". Wannan ɗabi'a abar yabo ce a zaman gida, amma a sha'anin shari'a takan jawo asarar gona ko gida ko haƙƙin marayu. Wanda zai ɗauki lauya, amanar dukiyarsa da sirrinsa zai damƙa masa. Saboda haka wajibi ne ya yi wasu tambayoyi tun a zaman farko, kafin kuɗi su fita daga aljihunsa.

Tambaya ta farko ita ce, shin mutumin nan lauyan gaske ne? A Nijeriya digirin shari'a kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, wadda a yau hedikwatarta ke Bwari kusa da Abuja, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Bayan ya ci jarrabawa a shigar da shi sahun lauyoyi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Tun daga 2015 Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya take ba kowane lauya hatimi mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda yake maƙalawa a takardun da ya shirya. Lauyan ƙwarai ba ya jin haushi don an tambaye shi shekarar da ya fara aiki da lambarsa. Mai jin haushi shi ne ɗan kamashon da ke rakuɓe a harabar kotu yana farautar waɗanda ido ya rufe wa.

Ta biyu ita ce, a wane fanni ya ƙware, kuma wace kotu zai kai maganar? Kamar yadda likitan ido ya bambanta da na ƙashi, haka lauyan da ya goge a shari'ar kamfanoni ba lalle ne ya san rabon gado ba. Rigimar gado tsakanin Musulmi a jihohin Arewa, kotun shari'ar Musulunci ce gidanta. Amma filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin sauraron rigimarsa. Idan aka kai ƙara inda ba muhallinta ba, ana iya shekara biyar ana tafka shari'a, har a yi nasara, sai kotun gaba ta rushe komai saboda rashin hurumi. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Haka kuma ya dace a tambaye shi ko yana da wata alaƙa da abokin shari'a, domin ƙa'idar aikinsu ta hana lauya raba ƙafa tsakanin masu jayayya. A kuma tambaya, wa zai riƙa tsayawa a kotu? Sau da yawa da babban lauya ake ciniki, amma ranar zama sai a ga ƙaramin da ke ƙarƙashinsa.

Maganar kuɗi ita ce wadda kunya ta fi yi wa ɓarna. Ladan aikin lauya daban ne, kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci daban, sannan wasu kan karɓi kuɗin mota a duk ranar zama. To, idan aka ɗage sauraro sau goma fa, wa zai ɗauki nauyin? Idan kuma kaso zai ɗauka daga abin da aka karɓo, kashi nawa ne cikin ɗari? Kuɗin da aka yanke sun haɗa da ɗaukaka ƙara? Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, kowane biya kuma a karɓi rasiɗi. Dokar Lauyoyi ta 1975 ma ta tanadi cewa lauya ba zai kai wanda ya yi wa aiki ƙara kan ladansa ba, sai ya ba shi lissafi a rubuce, wata guda kuma ya wuce. Wanda ba shi da ƙarfi kuwa, yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa galihu.

Daga ƙarshe sai a tambaye shi, yaya yake ganin ƙarfin maganar, kuma tsawon wane lokaci za ta ɗauka? A nan ne ake gane mai gaskiya. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Duk lauyan da ya bugi ƙirji ya ce nasara tabbas ce, ko ya ce ya san alƙali, abin gudu ne. Na kirki zai faɗi inda hujja take da rauni, ya tunatar cewa ɗaukaka ƙara daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 kacal doka ta ba shi, har ma ya ba da shawarar sulhu idan ya ga kuɗin shari'ar za su fi ƙarfin filin da ake rigima a kai.

Waɗannan tambayoyi ba raini ba ne ga mai ilimi. Wanda zai sayi akuya a kasuwa yakan duba haƙoranta, ya taɓa bayanta, ya tambayi dillali asalinta, balle wanda zai miƙa gidan ubansa a hannun wani. Kunyar minti goma a ofishin lauya tana iya zama nadamar shekara goma a bakin kotu.